Ranar da Banki Ya Rufe Ƙofa

Mu malaman makaranta da lissafi biyu muke rayuwa. Albashinmu yana bin watan Bature, Sallarmu kuwa tana bin jinjirin wata. Idan suka zo daidai sai mu yi hamdala. Idan suka saɓa, to a ranar ne mai gida yakan san nauyin gidansa.

Ranakun hutu a ƙasar nan iri biyu ne. Akwai waɗanda kowa ya san ranar zuwansu, kamar 1 ga Janairu, 1 ga Mayu, 12 ga Yuni, 1 ga Oktoba, da 25 da 26 ga Disamba. Akwai kuma na Sallah da Maulidi, waɗanda sai an jira sanarwar Ministan Harkokin Cikin Gida. A dukkansu bankuna a rufe suke.

Ba za mu manta da Ƙaramar Sallar 2024 ba. Gwamnatin Tarayya ta ba da hutun Talata 9 da Laraba 10 ga Afrilu. Daren Litinin aka duba wata ba a gan shi ba, Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya ce a cika azumi 30, Sallah ta koma Laraba, aka ƙara hutun Alhamis. Mu kuwa albashinmu ya makara, bai shigo ba sai yammacin Litinin ɗin, bayan an tashi daga aiki. Na'urorin cirar kuɗi sun ƙafe. Masu POS suka ƙara ladan aikinsu, wasu ma suka ce babu tsabar kuɗi. Ga kuɗi a waya muna gani, ga kayan yara a wurin tela, ga uwargida tana jiran cefanen tuwon Sallah.

Mai karatu, ka san wanda ya fitar da mu kunya? Mai shagon unguwarmu ne, dattijon da bai taɓa zama a aji ba. Muka je muna inda-inda, ya ce, "Haba Malam, ɗauki abin da kake so. Ai 'ya'yana a hannunka suke." Ya auna shinkafa da mai, ya rubuta a tsohon littafinsa. Tela ma ya miƙo kayan, ya ce sai bayan Sallah.

Ba ma jin haushin ma'aikatan banki, su ma suna da iyaye da za su je gaisarwa. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, da a ce mun taɓa cinye bashin dattijon nan, da wane ido za mu dube shi a daren? Ranar Juma'a da aka buɗe banki, shagonsa muka fara zuwa kafin gida.

Allah ya bar mu da mutuncinmu, amin.