Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Bayan na kammala karatun shari'a a jami'a, na shiga Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, reshen Bagauda a Jihar Kano. An kafa wannan makaranta a shekarar 1962. Digirin jami'a kaɗai ba ya ba mutum izinin aikin lauya a ƙasar nan. Sai ya bi ta wannan makaranta, ya ci jarrabawarta ta ƙarshe, sannan a rantsar da shi.

Darussa biyar muka yi: shari'ar laifuffuka, shari'ar haƙƙoƙi tsakanin mutane, dokokin kamfanoni, dokokin filaye da kadarori, da ladubban aikin lauya. A zamaninmu, darasin da ɗalibi ya fi rauni a kansa shi ne yake yanke matsayin sakamakonsa. Ko ya yi zarra a darussa huɗu, idan ya faɗi ɗaya, sai ya sake zama. Ni kuwa ba ni da halin maimaitawa, domin sai da mahaifina ya sayar da shanun nomansa biyu kafin ya biya mini kuɗin makaranta.

Da jarrabawa ta rage makonni 12, na zana jadawalin karatu, na manna a bango. Na ba kaina awa 14 kowace rana. Ban ware lokacin wanki ba, balle na hutu. Kafin mako ya zagayo, jadawalin ya gagare ni. Ina yin gyangyaɗi a kan littafi, kuma duk lokacin da na gaji sai in koma ga shari'ar laifuffuka, domin ita nake so. Dokokin filaye kuwa kullum sai in ce gobe.

Wata rana muka gwada kanmu da tambayoyin shekarun baya. Aka ce mu rubuta takardar sayar da fili cikin rabin awa. Na san cewa Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma ana neman amincewarsa kafin a sayar da fili mai takardar shaidar mallaka. Amma da na ɗauki biro, sai na rasa ta inda zan fara. Lokaci ya ƙare ban cika rabin shafi ba.

Da dare na kira mahaifina, na gaya masa halin da nake ciki. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni, "Idan muka je gona da sassafe, daga ina muke fara noma?"

Na ce, "Daga inda ciyawa ta fi yawa, Baba."

Ya ce, "Saboda me?"

Na ce, "Saboda a lokacin muke da ƙarfi, rana ba ta yi zafi ba."

Ya ce, "To, Allah ya yi maka albarka. Ka je ka kwanta."

Washegari na yage jadawalin farko, na zauna na ƙirga abin da ya rage. Makonni 10 ne. Na ware biyun ƙarshe don bita kawai, ba tare da sabon karatu ba. Sauran takwas na tsara su haka. Bayan sallar asuba, awa biyu na dokokin filaye, kullum. Da hantsi da kuma bayan azahar, ɗaya daga cikin sauran darussa huɗu, bi da bi. Da yamma, ni da abokaina biyu mu amsa tambayoyin shekarun baya, agogo a gabanmu, sannan kowa ya duba amsar ɗan'uwansa. Ƙarfe 10 na dare in rufe littafi. Yammacin Juma'a na bar wa hutu, Asabar kuma na bar ta don cike giɓin abin da ya kuɓuce mini a cikin mako.

Jimillar karatun bai wuce awa takwas a rana ba, amma wannan karon na iya riƙe shi. Akwai ranakun da zazzaɓi ya kwantar da ni, sai Asabar ta rama mini. A mako na shida na rubuta takardar sayar da fili cikin minti 25, ba tare da na leƙa littafi ba.

Da sakamako ya fito, na ci duka biyar. Dokokin filaye ne dai suka zo ƙasa a makina, amma sun tsallake. Ranar da aka rantsar da mu a Abuja, mahaifina ya daɗe yana kallon baƙar rigata. Da muka koma gida, sai ya buɗe akwatinsa, ya ɗauko wata tsohuwar takarda da ya naɗe a leda. Takardar cinikin gonarmu ce.

Ya miƙo mini, ya ce, "Lauya, duba mini ko an rubuta ta daidai."