Gabi da Garuruwan da Aka Zana

Matafiyin da ya bar Maraɗi ya nufi kudu, wajen iyakar Najeriya, zai iske Gabi a yankin Madarunfa, kusa da gulbin da ke kai ruwa tafkin Madarunfa. Da damina gulbin yakan cika ya batse; da rani kuwa sai rairayi. Wannan kwari da mutanensa ba su samu shiga cikin zane-zanen da suka nuna wa Turai kamannin ƙasar Hausa a ƙarni na 19 ba.

Zane-zanen suna cikin littafin Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, wanda aka buga a Landan cikin 1857 da 1858, juzu'i biyar. Barth ya zana abin da ya gani a hanya, sannan Martin Bernatz ya ƙawata zanen don ɗab'i. Akwai Kano daga kan Dala, birnin da ya shiga a Fabrairun 1851, ya ƙiyasta mazaunansa 30,000, ya ce sukan ninka lokacin fatauci. Akwai kogin Isa a Sayi, inda ya ƙetare a Yunin 1853. Akwai kuma Kabara, matsayar jiragen ruwan Tumbuktu.

Zamani bai bar su yadda suke ba. Kano ta tsallake ganuwarta da nisa. Yamai, wadda ta zama babban birni a 1926, ta sha gaban Sayi. Rairayi ya toshe mashigin Kabara, jirage suka koma Koriyume. Duk da haka, mai neman kamanninsu na da yana da abin dubawa.

Ƙasar gulbi ba ta yi wannan sa'a ba. Barth ya bi ta Tasawa da Gazawa ya faɗa Katsina. Abokin tafiyarsa Overweg ne ya ziyarci Maraɗi a 1851, amma ya rasu a bakin tafkin Cadi a 1852, bai kai ga wallafa littafi ba. Tsohuwar Maraɗin da ke cikin kwari kuwa, ambaliyar 1945 ta cinye ta, aka koma kan tudu.

Abin da ya rage na kamannin kwarin a da yana bakin tsofaffi, a Gabi da ƙauyukanta: inda ruwa ke kaiwa, da hanyoyin fatake. Kowane dattijo da aka kai makwanci ba a rubuta zancensa ba, ya tafi da nasa zanen.