Injin Da Ya San Inda Zai Tsaya

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi. A hutun zango na biyu muka kwashi ɗalibanmu 'yan aji biyar zuwa Abuja yawon buɗe ido, kuma cikin wuraren da muka leƙa har da wani gidan wasan bolin. Ga wanda bai san wasan ba, wata ƙwallo ce mai nauyi, wadda kan kai kilo 7, ake gangarawa bisa wani daɓe mai santsi, tsawonsa ƙafa 60, don a kayar da 'yan gumagumai 10 masu siffar kwalba da aka jera a ƙarshensa. Ɗan wasa yana da jifa biyu a kowane zagaye. Yara na ta sowa da tafi, mu kuwa hankalinmu ya koma ga abin da ke sake jera kwalaben nan ba tare da an ga hannun kowa ba.

A Amurka, inda wasan ya bunƙasa, yara ne ke wannan aiki a da. Sukan raɓe a bayan daɓen, su tsince kwalabe, su jera, su turo ƙwallo, a biya su 'yan kuɗi kaɗan. Wani mai suna Gottfried Schmidt ya ƙirƙiro injin da zai ɗauke musu wahalar, kamfanin AMF ya nuna shi a birnin Buffalo a 1946, ya shiga kasuwa a 1952. Kamfanin Brunswick ya fito da nasa a 1956.

Bakaniken gidan, wani dattijo mai fara'a, shi ya zagaya da mu baya muka gane wa idonmu. Da ƙwallo ta wuce, sai wata sanda mai faɗi ta sauko ta tare gaba, wato matsayin tsintsiya ke nan. Daga sama kuma wani faranti mai gurabe 10 ya sauko, ya cafke wuyan kwalaben da ba su faɗi ba, ya ɗaga su. Tsintsiya ta share waɗanda suka faɗi zuwa rami, faranti ya mayar da na tsaye inda ya same su, a yi jifa na biyu. A cikin ramin akwai bel da ke tura kwalabe zuwa wata babbar ƙafa mai juyawa, ita ke hawa da su sama, a rarraba su gurbi-gurbi. Inji ɗaya kan riƙe kwalabe wajen 20, don kada a jira. Ƙwallo kuwa ta ƙarƙashin daɓe take komawa ga mai ita.

Muna nan tsaye sai injin layi na uku ya yi cak. Muka ce, "Baba, ya lalace ke nan?" Ya yi dariya ya ce, "A'a, Malam, hankali ya yi." Ashe ƙwallo ce ta goge wata kwalba, ta zame daga gurbinta amma ba ta faɗi ba. Da faranti ya sauko, maimakon ya sami wuyanta sai ya dafa kanta, nan take injin ya tsaya. Da ya ci gaba, da tsintsiya ta share ta tare da faɗaɗɗu, alhali a dokar wasa tana nan da ranta, kuma a inda ta zame za a bar ta. Dattijon ya kashe wuta tukuna, don injin ba ya bambance hannu da katako, ya kwashe faɗaɗɗun da hannunsa, sannan ya ja wani ƙarfe. Faranti ya tashi, tsintsiya ta koma sama ba ta yi shara ba. Ya ce haka ma idan kwalba ta maƙale a hanyar rarrabawa, akwai makunnin da ke yanke aiki kafin wani abu ya karye.

A mota muna dawowa, wani yaro ya faɗo mana a rai. Shekarun baya mahaifinsa ya rasu a tsakiyar zango, ya yi mako shida yana tsaron shagon gidansu. Ya dawo ana saura kwana kaɗan jarrabawa, ya zauna ya rubuta iyakar abin da ya sani. Makinsa bai kai ba. Mu ne malamin ajinsa, mu muka sa hannu a takardar da ta ce ya maimaita aji, ba mu tsaya mun tambayi dalili ba, domin ranar ce ta ƙarshe ta miƙa sakamako. Bai sake dawowa ba. Yaron nan bai faɗi ba, zamewa ya yi daga gurbinsa, muka share shi tare da faɗaɗɗu.

Waɗanda suka ƙera injin nan sun san ba kullum kwalba ke tsayawa inda aka zana mata ba, shi ya sa suka koya masa ya dakata ya jira mutum. Mu da aka ba amanar 'ya'yan mutane, tun daga wannan tafiya muka ɗauki al'ada: duk sunan da za mu ja wa jan layi, sai mun kira mai sunan mun ji ta bakinsa. Allah ya yafe mana na baya, ya sa mu dace.