Kifin da Ya Kamata Yaro Ya Zana

Yaron Katanga, a ƙasar Jega, ba ya bukatar a gaya masa abin da ake ce wa kifi. Gulbin Zamfara ya ratsa ƙasarsu, ran kasuwar Jega kuwa yana ganin tarwaɗa da karfasa, ɗanye da banda. Amma in malami ya ba shi takarda ya ce ya zana kifi, da wuya bai zana giwan ruwa ba, ƙato, rataye a kafaɗar masunci. Dalili kuwa, labarin Argungu ya cika masa kunne.

Ba laifinsa ba ne. Tun 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa bikin su don murnar sulhu tsakanin Kabi da Sakkwato, sunan wannan biki yake ta bazuwa, har a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Dubban masunta su kan auka Matan Fada da homa da gora, wanda ya fito da kifi mafi nauyi shi ne gwani. To, wannan shi ne abin da yaro ya ji. Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne, kafin ranar nan an daɗe da rufe ruwan, ba mai jefa taru sai Sarkin Ruwa ya yarda. Da ana su a Matan Fada kullum safiya, ina giwan ruwa zai sami kwanakin da zai yi wannan girma?

Kifi fa yana da lokacinsa kamar gero. Da damina, in gulbi ya cika ya malala cikin fadamu, kifaye su kan bi ruwan su zuba ƙwai a cikin ciyawa. Karfasa ma, abin mamaki, a bakinta take riƙe ƙwanta har su ƙyanƙyashe, saboda haka wanda ya kama ta a wannan hali ba kifi ɗaya ya kashe ba. Ga kuma masu ɗaukar gidan sauron da aka raba don maganin zazzaɓi, su mai da shi taru, ya kwashe har 'ya'yan da ba su kai yatsa ba. Mafi muni su ne masu zuba maganin ƙwari a ruwa: kifi ya taso a mace, babba da ƙarami, mai ci kuma ya ci dafi bai sani ba. Ba mugunta ce kaɗai ke kawo haka ba, sau da yawa yunwa ce, amma gulbi ba ya tambayar dalili.

Don haka in makarantun Jega da Aliero da Maiyama za su shirya wa yara gasar zane a kan su, kada a ce a zana babban kifi. A ce kowa ya zana tarun ubansa ko na maƙwabcinsa, yadda idonsa yake. Yaron da zai yi haka tilas ya je bakin gulbi, ya tsuguna, ya sa yatsu cikin idon tarun ya ga nawa za su shiga, ya tambayi dattijo wane kifi ke wucewa, wane ke maƙalewa. Mai zane ba ya iya zana abin da bai duba ba.

Alƙalancin kuma kada a bar wa malamai su kaɗai, gama malami zai duba kyan launi ne. A gayyato Sarkin Ruwan gari da tsofaffin Sarkawa, su ne za su gane ko ƙayar kurungu tana inda Allah ya sa ta. In an gama, a kafe takardun a rumfar masu kifi ran kasuwa, kowace da sunan mai ita da na ƙauyensu, inda iyayensu za su tsaya cinikin banda.