Sabuwar ƙota, tsohon hannu

Duk shekara idan aka rufe makarantu nakan ajiye alli in nufi ƙauyenmu da ke cikin Dallol Bosso, kudu da Filinge, in taya ƙanena noman gonar da mahaifinmu ya bar mana. Ƙasar Kurfai rairayi ce, shi ya sa yawancin manomanmu ba sa duƙawa kamar mutanen Kano da Zariya. Hauyar tsaye muke riƙewa, wadda Faransawa ke kira hilaire: ƙarfe mai siffar jinjirin wata a bakin doguwar ƙota da ta fi mutum tsayi. Kana tsaye kana turawa kana janyowa, bakin yana ratsa ƙarƙashin rairayi yana yanke saiwar ciyawa.

Tawa ta yi shekara tara a hannuna. Ƙotarta siririya ce, tana lanƙwasa duk lokacin da na tura, kuma na saba da ita har ba na lura. Damanar bara, ana tsakiyar noman farko, sai ta tsage.

Ran kasuwa na kai ta wajen wani dattijon maƙeri a Filinge. Na zaci zai zaro min ɗaya daga cikin tarin da ke jingine, in biya in tafi. Sai ya ce in miƙe tsaye. Ya auna ni daga ƙasa zuwa kafaɗa, ya ba ni wata hauya ya ce in tura a rairayin ƙofar maƙera yana kallo. Sannan ya ɗauki tsohuwar ya girgiza kai.

"Malam, wannan ƙotar yaro ce. Rabin ƙarfinka cikin icce yake ƙarewa, ba ya isa ƙasa."

Ya zaɓo mai kauri, busasshiya, wadda ta fi tsohuwar tsayi da taƙi guda, ya sa mata ƙarfena.

Washegari na shiga gona da murna, na fito da kunya. Wani lokaci bakin ya nutse har ya cije, wani lokaci ya yi tsalle ya share hatsi. Kafin azahar na sare gindi sun fi ashirin. Tafin hannuna ya yi bororo, kafaɗata ta yi tsami. Ƙanena ya ce, "Yaya, ciyawa muka zo kashewa ko hatsi?" A rana ta uku na yanke shawarar ɗaure tsohuwar da igiyar roba in koma mata. Amma kuɗina sun riga sun fita, don haka na koma wajen maƙerin in yi ƙorafi.

Bai musa min ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Ina ne ke maka ciwo, tafin hannu ko ƙugu?"

Na ce tafin hannu da kafaɗa. Ina faɗa sai na tuna cewa ciwon ƙugun da ke hana ni barci kowace damana bai zo ba a kwana ukun nan.

Ya ce, "Ka ba ta kwana goma. In ciwo ya sauka ƙugu ko wuyan hannu, awona ne bai yi ba, ka kawo in rage. In a tafin hannu ya tsaya, hannun ne bai saba ba."

A cikin kwana goman na gane abin da ke faruwa. Shekara tara ina ƙara ƙarfi don in cike abin da icce ke shanyewa, har hannuna ya ɗauki aibin ƙotar ya mai da shi ɗabi'a. Sabuwar ba ta shanye komai, duk abin da na ba ta sai ya isa ƙasa, har da kuskurena. Da na sassauta riƙo, na rage turi, na daina gaggawa, sai bakin ya fara tafiya a zurfi ɗaya. Lokacin maimai, ɓangaren da nake yi a kwana biyar na gama shi a huɗu, kuma ina tashi sallar asuba ba tare da dafa bango ba.

Na ba wani tsohon ɗalibina wannan labari, wanda ya taɓa ɗaukar wa 'yan wasan golf jaka a Yamai. Ya yi dariya ya ce, "Mushe, haka manyan nan suke fama." Ashe sandunan golf ma hawa-hawa ne wajen tauri, ana yi musu alama da haruffa L, A, R, S da X, daga mai laushi zuwa mafi tauri. Ana auna saurin bugun mutum kafin a zaɓa masa. Mai saurin bugu idan ya riƙe sanda mai laushi ƙwallonsa warwatsuwa take yi, amma ranar da aka ba shi mai tauri sai ya ji kamar taɓarya ce a hannunsa. Ya ce wasu ba sa ƙarasa wata guda suke komawa ga tsohuwar.

Abin da ya sa nake rubuta wannan ga malamai da iyaye shi ne abin da ya biyo baya a gidana. A watan Oktoba 'yata ta shiga ajin farko na kwaleji, wato siziyam. A firamare tana cikin na gaba-gaba. Takardar sakamakonta ta farko ta zo da 9 bisa 20, ƙasa da rabi. Ta daina yi min labarin makaranta. Wani kawunta ya ce boko bai karɓe ta ba, gara ta zauna ta taya uwarta aiki. Ni kaina, malami, na fara tunanin ko dama can ba ta kai ba.

Sai na tuna maƙerin. Na zaunar da ita bayan isha na ce, "Uwata, ina ne ke miki wuya?"

Ashe tana gane darasi. Matsalarta ita ce ta saba da malami ɗaya mai rubuta komai a allo yana jiran kowa ya gama. Yanzu malamai da yawa ne, kowa da saurinsa, wasu da baki suke faɗa a rubuta. Kafin ta ƙawata layi ɗaya an wuce uku. Wannan ciwon tafin hannu ne. Kullum da dare na riƙa karanta mata shafi guda tana rubutawa, ina ƙara sauri kaɗan-kaɗan. Sakamako na gaba ya zo da 12.

Ba kowane faɗuwa ne haka ba. A ajina akwai yaron da na mayar bencin baya saboda ya yi tsayi, makinsa ya zube, ni kuma ina ta cewa zai saba. Da na tambaye shi sai na tarar ba ya ganin rubutun allo daga can. Wannan ciwon ƙugu ne, awona ne bai yi ba, kuma haƙuri ba ya maganinsa. Na dawo da shi gaba, na aika wa mahaifinsa ya kai shi a duba masa ido.

Don haka idan makin ɗanka ya faɗi bayan an canja masa aji, ko malami, ko harshen karatu, kada ka yi saurin mayar da shi baya, kada kuma ka rufe ido ka ce zai saba. Tambaye shi inda ke masa ciwo, ka sa wa'adi, ka koma wajen wanda ya yi awon. Bana ma zan leƙa maƙera ran kasuwa, don ɗana ya yi tsayi, ƙotarsa ta yi masa kaɗan.