Ƙullin shinkafar da ban kwance ba

A watan Disamba na 2021 na aurar da 'yata ta fari a nan Keffi. Saura mako biyu ɗaurin aure, kawuna, yayan mahaifiyata, ya iso gidana a kan babur daga ƙauyenmu da ke bayan Garaku, ƙurar hanya ta yi wa gemunsa furfura ta biyu. Bayan mun gaisa ya zaro wata baƙar leda daga aljihun babbar rigarsa, ya ajiye a gabana. Shinkafa ce, kimanin rabin mudu.

"Ɗana, ga samfuri. Ta fadamarmu ce ta bana. Buhu uku na ware saboda bikin jikata, ka ba da abin da ya sauwaƙa."

A gaban abokan aikina biyu na ba shi amsa, kuma har yau ina jin nauyinta a ƙirjina. Na ce, "Kawu, baƙi za su zo daga Abuja. Ba na son a ce an tauna tsakuwa a bikin 'yata." Ko ƙullin ledar ban taɓa ba. Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce Allah ya sanya alheri, ya sha ruwa, ya hau babur ɗinsa.

Mun tashi muna kiran shinkafar ƙetare 'yar gwamnati, tamu kuma 'yar Hausa, kuma kowa ya san wadda ake zuba wa babban baƙo. Tun a watan Agusta na 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, da aka fara buɗe su a Disambar 2020 ma ba a ɗage haramcin shigo da shinkafa ta nan ba. Na san duk wannan. Duk da haka na tafi Mararraba, wani mai shago ya shigar da ni lungun sito, ya nuna mini buhuna masu rubutun Tailan, na biya tsada ina ganin na fita kunya.

Daren jajibiri masu girki suka farke buhun farko. Warin daɗewa ne ya fara tashi, irin na ɗakin da aka shekara ba a buɗe ba. Ƙwayar ta yi rawaya-rawaya, ƙananan ƙwari suna yawo a cikin garin da ya taru a gindin buhu. Sau huɗu aka wanke ta, aka ƙara albasa da kayan ƙamshi don a rufa mini asiri. Shinkafar da ta taso daga Asiya a jirgin ruwa, ta sauka a Kwatano, ta kwana a sito-sito, 'yan fasa-ƙwauri suka bi daji da ita, wa zai faɗa maka shekarar da aka girbe ta? Ba kuma wanda zan riƙe. Da na koma shagon, cewa aka yi haka ta zo.

Kwana goma bayan biki uwargida ta kawo mini shinkafa da wake da mai da yaji. Tun daga ƙofa na ji ƙamshin sabon hatsi. Ƙwayar ta tashi warwara, ga garɗi, ban ci karo da tsakuwa ko ɗaya ba. Na tambaye ta inda ta samo. Ta ce ledar Kawu ce, kuma ko regewa ba ta yi ba, wankewa kawai.

Daga bakin mahaifiyata na ji sauran. Ashe matan gidan Kawu ne suka turara shansherar suka shanya ta a kan tamfol, ba a gefen kwalta ba. Shi kuma ya yi hayar mota har Lafiya, wurin masu injin casa, ya ƙara kuɗi aka bi da ita ta injin cire tsakuwa, don kawai kada a raina mu a gaban baƙi. Da na ƙi saye, ga bashin taki a wuyansa, sai ya kai ta kasuwa ana tsakar kaka, lokacin da kaya ya fi arha, 'yan sari suka kwashe yadda suka ga dama suka yi Abuja da ita. Kuɗin da na zube a Mararraba da ya biya bashin, har da ragowar da za ta isa irin baɗi.

Ba na cewa duk 'yar Hausa tsaf take. Akwai mai tsakuwa, akwai wadda aka shanya a ƙasa. Amma ita kana iya damƙar ta a tafin hannu, ka shinshina, ka tauna ƙwaya ɗaya, ka tambayi mai ita daga wace fadama ta fito, in ta ba ka matsala ka san ƙofar gidansa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, naira kuma ta faɗi, duk abincin da ya yi doguwar tafiya kai ne mai biyan kuɗin motarsa. Mu kuwa a Nasarawa muna kallon motocin doya da masara da riɗi suna wuce mu zuwa wasu garuruwa, wani lokaci mu bi su can mu sayo da tsada.

Na je ƙauye na durƙusa a zauren Kawu na nemi gafara. Bai bari na ƙarasa ba, ya ce, "Tashi, ɗana, ya wuce." Tun daga shekarar, kafin ruwan farko ya sauka nakan kai masa kuɗin buhu huɗu ya sayi taki, in kaka ta yi in je in ɗauko. Bana maƙwabtana biyu sun ba ni nasu kuɗin na haɗa na kai masa.