Rigar Armstrong A Birnin Washington

Baƙon da ya shiga gidan tarihin jiragen sama na birnin Washington, a Amurka, yakan yi mamakin ƙarancin haske a akwatin gilashin da ke ɗauke da rigar da Neil Armstrong ya taka wata da ita a 1969. Ba rowar lantarki ba ce. Akwai roba da filastik a jikin rigar, haske kuwa maƙiyinsu ne: yakan tsinka ƙwayoyinsu, iska ta samu kafar ci, fari ya koma rawaya, mai laushi ya ƙage har ya tsage. Ganin ta fara lalacewa aka ɗauke ta a 2006, ba a maido ta ba sai 2019.